Malami ɗaya, yara tamanin: me ke fara lalacewa a aji?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum malamai. Rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Ku da ke riƙe da alli, a cikin aji me ke fara lalacewa?

Malamar firamare: Wa'alaikumus salam. Duba littattafai ne ke fara mutuwa. Ma'aunin da aka saba shi ne yara 40 ga malami. In sun kai 80, ko minti biyu-biyu aka ba kowane littafi, awa biyu da minti 40 ke nan a darasi guda. Dole malami ya koma "ku maimaita bayana". Aji ya ɗauki amo, mai wucewa ya ce karatu ake, alhali yaron layin baya baki kawai yake motsawa. A nuna masa kalma ɗaya daga tsakiyar allo, ba daga farkon layi ba, nan take za a gane hadda ce.

Hedimasta: Gaskiyarki Malama. A sakandare kuma ciwon na malamin fanni ne. Sai a miƙa wa malamin tarihi lissafi, babi ɗaya kacal ya fi ɗalibansa. Abin da bai gane ba ya tsallake, sai a ɗakin jarrabawa asiri ya tonu. Sau da yawa ma rabon malaman ne ya karkace: makarantun birni cike, na karkara fayau.

Mai duba makarantu: Kafin a samu malamai, akwai dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa. A gwada yara ɗaya bayan ɗaya: harafi, kalma, sakin layi, sannan gajeren labari. A raba su rukuni bisa inda kowa ya tsaya, ba bisa ajinsa ba, a ware musu kamar awa ɗaya kullum. Inda ake tafka kuskure shi ne a yi gwaji sau ɗaya a manta. Yaron da ya iya kalma tuni yana nan cikin masu harafi, har ya gaji ya daina zuwa.

Malamar firamare: Ranka ya daɗe, a ƙara da wannan: in za a sa manyan ɗalibai su kula da rukuni, a riƙa canza su duk mako, kar nasu karatun ya tsaya.