"Take a seat" aka ce mini, ni kuwa na sungumi kujerar

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare ƙanena ɗan aji uku a ƙaramar sakandare ya kawo mini aikin gida in duba masa. Jimloli goma aka ba su na Turanci, kowace da kalmar "take" a ciki, aka ce su mayar Hausa. Yaron nan ya bi su tiryan-tiryan da "ɗauka". Ya ɗauki magani, ya ɗauki mota zuwa Zariya, ya ɗauki jarrabawa, ya ɗauki wanka. Wannan na ƙarshen ma na ce masa ai ɗaukar wanka a garin nan sai ranar Sallah, da shadda da hula zanna. Har na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na tuna da kaina.

Shekarar da na gama difloma na je neman aiki wani kamfani a Kaduna. Ina shiga ofishin, manajan bai ko ɗago kai ba ya ce "take a seat". Kujera ɗaya ce a jikin bango. Wallahi na je na sungume ta, na tsaya riƙe da ita ina jiran ya faɗa mini inda zan kai. Da ya ɗago ya gan ni, dariyar da ya yi har da buga tebur. Ashe zauna kawai ya ce. Ban samu aikin ba, kuma har yau ban yarda takarduna ne suka kasa ba. Wa kalmar nan ta taɓa yi wa irin wannan?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Yaya Ɗan Kurna, kai ai naka da sauƙi, mutum ɗaya ya gan ka. Ni aikin jinya nake yi a Ingila, kuma watana na biyu da zuwa aka bugo mini waya cewa ƙanwata ta samu ciki bayan shekara shida da aure. Murna ta hana ni zama. Na shiga ɗakin shan shayi na ce wa abokan aikina "my sister has taken in". Suka yi tsit suna jira in ƙarasa. Can wata dattijuwa ta ce ta shigo da wa? Ɗan haya ko mage? Ni kuma na dage ina maimaitawa da ƙarfi, kamar matsalar ta kunne ce.

Daga baya na fahimci a wurinsu "take in" sai da abin da aka shigar. Ka ba wa baƙo masauki, "take in" ne. Tela ya rage faɗin riga, shi ma haka. Idan kuwa aka ce an yi "taken in" da mutum, to an yaudare shi ke nan. Ma'anar ciki tamu ce ta Najeriya, daga Legas har Sakkwato kowa ya santa, kuma ta zauna mana daram saboda mu ma "ta ɗauki ciki" muke cewa. Sai da na yi alamar tulu da hannu a gabana sannan aka taso ana rungume ni.

Mai Kemis na Sabon Gari:
Hajiya, Allah ya raya abin da aka samu. Ni tawa a kan kwalba ta same ni. Ina yaron shago, maigidana ya shigo da wani maganin shafawa daga waje, an rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe "not to be taken". Na fassara wa kaina: kada a ɗauka. Na zaci na ajiya ne, ba na sayarwa ba. Mutum uku na mayar a rana ɗaya, ga kaya a kan kanta suna kallo. Da maigida ya dawo ya ji, sai da ya zauna. Ya ce kada a sha ake nufi, na shafawa ne. Tun daga ranar na gane a harkar magani "take" sha ne, ko haɗiya. Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu shi ne wanda zai karanta wancan gargaɗin kamar yadda na karanta, amma shi ya riga ya kai kwalbar gida.

Malam Mai Alli:
Na koyar da Turanci shekara 31 kafin in yi ritaya, kuma laifin namu ne, mu malamai. A firamare muke ɗaga littafi sama mu ce "take", yara su amsa "ɗauka", shi ke nan an ɗaura musu aure har abada. Alhali babban ƙamusun Oxford, bugu na biyu na 1989 mai juzu'i 20, ya jera wa wannan kalma ma'anoni sama da 300. Kuma ba ita ce sarauniya ba. A wancan bugun "set" ce kan gaba da sama da 400, sannan da aka sake bitar "run" a 2011 sai ta tashi da 645, a matsayinta na aikatau kaɗai. Wanda ya yi aikin, Peter Gilliver, wata tara ya shafe a kan kalma ɗaya mai harafi uku.

Abin dariyar ma, "take" ba 'yar gida ba ce a Turanci. Mutanen arewacin Turai da suka mamaye arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9 su suka zo da ita, a bakinsu "taka" ce. Turawan Ingila na da suna da tasu, "niman", baƙuwar ta ture ta har ta mutu. Jamusawa kuwa har gobe suna riƙe da 'yar'uwarta, "nehmen".

Amma ku bar zagin Bature, ku waiwayo gida. Ɗan Kurna, ka zaunar da wanda yake koyon Hausa ka gaya masa "ci" na nufin sa tuwo a baki. Gobe ya ji an ce wane ya ci jarrabawa, wane ya ci zaɓe, an ci shi tara, ya ci bashi, ya ci amana, an ci mutuncinsa, kasuwa tana ci, wuta tana ci, an ci su biyu da nema. Sannan ka ce masa "sha" na ruwa ne, sai ya ji an sha wahala, an sha iska, an sha kaye, an sha alwashi, an sha da ƙyar. Shi ma kujerar zai sunguma. Farfesa Philip Jaggar da Farfesa Malami Buba sun yi nazarin kalmomin nan biyu a 2009, inda suka nuna "ci" ta fi karkata ga rinjaye da samun galaba, "sha" kuma ga abin da ya auka wa mutum ya jure. Ku gwada: wanda ya ci zaɓe da wanda ya sha kaye.

Ɗan Maraɗi:
Malam, Allah ya ƙara lafiya, na ƙaru. Mu nan Nijar Faransanci ya riga ya yi mana wannan horon. Kalmar "prendre" ita ma haka take: da ita ake shan magani, da ita ake shiga mota, da ita ake wanka, da ita ake ɗaukar hoto. Da na fara koyon Turanci don harkar kaya tsakanin Maraɗi da Kano, waɗannan ba su ba ni wuya ba. Inda na sha kashi shi ne ƙananan kalmomin da ake liƙa mata a baya. Faransanci ba ya wannan. Ka sa "off", ka sa "over", ka sa "up", duk lokacin wata dabba ce daban.

Alhaji Na Kwari:
Ɗan Maraɗi ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Tafiyata ta farko Dubai saro atamfa, abin da na haddace shi ne "take off" tashin jirgi. A wajen bincike ma'aikaci ya nuna ni ya ce "take off", sai ya ƙara wata kalma da ban kama ba. Gabana ya faɗi, na ce jirgi zai tashi ya bar ni. Na finciki jakata zan ruga, suka tare ni su biyu. Ashe agogo ya ce in cire. Wani yaro ɗan Katsina da ke bayana shi ya cece ni, ya ce Baba, agogonka kawai. Na cire ina zufa, layi duk ana kallona.

'Yar Malumfashi:
Baba Alhaji sannu, amma na yi dariya har da hawaye. Ni "take your time" ce ta sa ni kuka na gaske. A makarantar kwana, idan babbar ɗaliba ta nuna ki da yatsa ta ce "take your time", ma'anarsa ki shiga taitayinki, dukan na nan tafe. Da na je karatun digiri na biyu a waje, na makara da babi na biyu, na rubuta wa malamina ina ba da haƙuri. Amsar da ya turo ke nan, kalma uku. Kwana biyu ban yi barci ba, na ce shi ke nan ya tsane ni. Na haɗa babin a gurguje na kai masa. Ya dube ni da mamaki ya ce ai cewa ya yi kada in yi gaggawa, lokaci na nan. Babin kuwa sai da na sake shi daga farko.

Injiniya Ba Wuta:
To ni tambaya gare ni ga Malam. "They have taken light" fa? An ɗauke wuta. Wani abokin aikina ya ce kuskure ne, Bature ba ya faɗa. Na ce masa Bature ana ɗauke masa wuta sau biyar a yini ne da zai tanadi kalma? Wanda abu ya dama shi yake raɗa masa suna.

Malam Mai Alli:
Injiniya, a hira ka faɗi abinka. Ƙamusun Oxford ɗin da kansa a watan Janairun 2020 ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, ciki har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow", da "put to bed" da ma'anarmu ta haihuwa. Hajiya Uwar Biyu sai ki gaya wa mutanenki. Amma a takardar jarrabawa ni da kaina zan ja maka jan biro, domin mai makin ba da ƙamusun titi yake aiki ba. Ɗan Kurna, kada ka ba yaron ma'ana ɗaya. Ka sa ya riƙa haddace kalmar tare da abokiyar tafiyarta, yadda ya san "ci amana" ba tare da ya taɓa tunanin miya ba.

Ɗan Kurna:
Na gode Malam, na gode jama'a. Mun zauna da shi yau bayan la'asar mun gyara tara. Ta goman ce ta tsaya mana: "He takes after his brother." Shi ya rubuta "ya ɗauka bayan yayansa". Na ce ba haka ba ne, amma ni ma na kasa kawo daidai, sai da muka buɗe ƙamus a waya. Ashe cewa aka yi ya yi kama da yayansa, ko ya ɗauko halinsa. Yaron ya karanta, ya dube ni, ya dubi kujerar da nake kai, ya kwashi littafinsa ya fita da gudu. Ban san wanda ya ba shi labarin Kaduna ba, amma ina zargin Umma.