Laftof ɗin ma'aikatanmu na nesa sun gagare ni, ina neman shawara kan VPN mai kunna kansa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin rarraba kaya a Kano. Muna da laftof 34 a hannun ma'aikatanmu na Kaduna, Sakkwato, Maiduguri da Yola, wasu sai su yi wata uku ba su leƙo ofis ba. VPN, wato amintacciyar hanyar da ke haɗa laftof da kwamfutocin ofis ta intanet, muna da shi, amma sai mutum ya danna da hannunsa, su kuwa ba sa dannawa sai in za su ɗauko fayil. Ba na ganin kwamfutocin, balle in tura musu gyara. Makon jiya akawunmu ta Yola ta manta kalmar sirrinta. Na canza mata a saba, wato babbar kwamfutar ofis, laftof ta ƙi karɓa domin ba ta ga saba ba, shi kuma VPN ba ya tashi sai an shiga. Ƙarshenta a tasha aka ba direba laftof ɗin cikin kwalin taliya ya kawo min. Na ji ana maganar Always On VPN na Microsoft. Wanda ya taɓa ɗora shi ya taimaka.

Wani Injiniya daga Kaduna: Wa alaikumus salam Malam. Na ɗora shi sau biyu. Abin da za ka fara ganewa shi ne bututu biyu ne a cikinsa. Akwai na ma'aikaci, wanda ke tashi bayan mutum ya shiga da sunansa, akwai kuma na ita kwamfutar, wanda ke haɗuwa da zarar ta samu intanet, tun allon shiga yana kallonka. Na biyun shi ne maganin ciwonka. Da yana nan, da akawunku ta rubuta sabuwar kalmar sirri tana zaune a Yola.

Amma yana da sharuɗɗa. Sai Windows Enterprise ko Education, daga Windows 10 fitowar 1709 zuwa sama, kuma kwamfutar tana cikin domen, wato tsarin ofis da ke riƙe sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu. Tsarin haɗi na IKEv2 kaɗai yake hawa, da satifiket na na'ura, wato shaidar da ke tabbatar da kwamfutar taku ce, ke nan sai kana da sabar da ke ba da satifiket. Kada ka buɗe masa ofis gaba ɗaya. Ka nuna masa sabar domen da wadda kake tura gyara da ita, shi ke nan, domin laftof ɗin da aka sace ma za ta haɗu muddin ba ka soke satifiket ɗinta ba.

Wani ɗan'uwa daga Zariya: Ni dai a ganina ka tilasta komai ya bi ta ofis, har Facebook ɗinsu. Ka huta, ka san abin da kowa ke yi.

Wata 'yar'uwa daga Abuja: Haba Malam, da wane layin? In mutum 34 suka shiga taron bidiyo duk ta intanet ɗin ofishin Kano, kowa zai tsaya cak, kuma ranar da aka ɗauke wuta inbata ta mutu, har na Maiduguri ya tashi aiki. A raba hanya: abin ofis ya bi bututu, saura ya fita kai tsaye. Shi bututun kwamfuta ma dama rababbiyar hanya kaɗai yake karɓa.

Ɗan'uwa mai tambaya, abin da ya ba ni wahala daban ne. Mutanenka da datar waya suke aiki, ko ba haka ba? IKEv2 yana bin ƙofofin sadarwa na UDP 500 da 4500, kuma saƙon da ke ɗauke da satifiket yana da girma, sai ya rarrabu a hanya wani layin ya zubar da gutsattsarin. Sai ka ga kuskure mai lamba 809, a gidan wani yana yi, a gidan wani ya ƙi. Na kwana biyu ina zargin katangar tsaronmu, ashe ba ruwanta. Windows Server 2019 ya iya gutsura saƙon da kansa, amma sai ka kunna masa a rajistar Windows, inda yake ajiye saitunansa. Bututun ma'aikaci kuwa ka ba shi tsarin haɗi na SSTP, yana bin ƙofar TCP 443 kamar shafukan intanet, da wuya ka ga inda aka toshe shi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri Hajiya. Yanzu na duba rajistar kayanmu, gabana ya faɗi. Guda 6 ne kawai Enterprise, saura duk Pro ne, yadda aka sayo su.

Injiniya: To ka ga inda gizo ke saƙa. Pro zai yi bututun ma'aikaci, ba zai yi na kwamfuta ba. Ko dai Oga ya biya lasisi, ko ka canza hanya.

Wani ɗalibi daga Jos: Yallaɓai ku gafarce ni in sa baki. WireGuard, wata manhajar VPN daban, a Windows yana gudana a matsayin sabis, wato yana aiki da kansa a bayan fage, yana tashi kafin kowa ya shiga, kuma bai damu da Pro ko Enterprise ba. Ka sa masa ya riƙa taɓa saba duk daƙiƙa 25, don kada layin waya ya rufe hanyar dawowa lokacin da kai kake son shiga daga Kano. Wahalarsa, makullan da hannu za ka raba wa kowace laftof. In ba ka son wannan, akwai Tailscale da aka gina a kansa, sai dai na kamfani kuɗi ne.

'Yar'uwa daga Abuja: Yaron nan ya yi gaskiya. Sai dai ka tuna sabar ofis tana buƙatar adireshin da za a same ta daga waje. In layinku irin wanda ake haɗa kwastomomi da yawa a adireshi ɗaya ne, ka nemi naka na kanka tukuna.

Mai tambaya: Muna da tsayayyen adireshi, Alhamdulillah. Zan gwada WireGuard a laftof uku, ta Yola ce ta farko tunda har yanzu tana kan teburina. Injiniya, zan kira ka da yamma kan maganar lasisi kafin in shiga wurin Oga.