Abin da aka tattauna kan mafi ƙarancin albashi

Jama'a ga abin da na tsinta daga maganganunku:

1. Kusan kowa ya yarda naira dubu 70 ɗin da aka sa wa hannu a Najeriya a 2024 ba ta isa, kuɗin mota da cefane kaɗai sun cinye ta.

2. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, shi ya sa malaman ƙananan makarantun kuɗi da yaran shago ke karɓar abin da aka ga dama, wallahi wannan ya fi min ciwo.

3. In ba a biyan mutum daidai, a adana takardar ɗaukar aiki da alat ɗin banki, a kai kuka ƙungiyar ƙwadago.

4. An rabu kan yajin aiki, wasu sun ce shi kaɗai gwamnoni ke ji, wasu sun ce in aka matsa wa ƙananan kamfanoni korar mutane za su yi.