Shekarun da na yi ina koyarwa kafin in shiga ɗan sanda, za su shiga lissafin fansho na?

Sufeto_Mai_Jiran_Gida:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san harkar fanshon 'yan sanda ku taimaka min da haske. Na shiga aiki kurtu a 1992, yanzu ina Sufeto, in Allah ya kai mu 2027 shekara 35 ta cika. To kafin in tafi Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna na yi koyarwa a firamare ƙarƙashin ƙaramar hukumarmu daga 1989, takardar ɗaukar aikin ma tana nan a akwati. Wani abokin aikina ya ce in nemi a haɗe min shekarun nan uku da na ɗan sanda wai kuɗina zai ƙaru. Gaskiya ne? Sannan abin da ya fi hana ni barci, shekarun da muka yi kafin a fara cirar mana kuɗin fansho a albashi su kuma ina suka tafi, don ni in na duba saƙon da kamfanin fansho ke turo min abin da na gani bai yi kama da na mutumin da ya kwana a titi shekara talatin da wani abu ba wallahi.

Baba_Mai_Ritaya:
Wa alaikumus salam Sufeto. Bari in fara da ta biyun don ita ce mai nauyi. Shekarunka na kafin 2004 ba su ɓata ba. Dokar fansho ta 2004, zamanin Obasanjo, ita ta raba aikinka gida biyu. Daga ranar da ka shiga zuwa ƙarshen Yunin 2004 tsohon tsari ne, ana lissafa maka haƙƙinka bisa shekarun da ka yi da kuma muƙamin da kake kai a lokacin, shi ne kuɗin akurud da za ka ji 'yan ofishin fansho suna ta ambata, bashi ne a wuyan gwamnatin tarayya kuma ba ya faɗawa asusunka sai ka zo fita, shi ya sa ba ka ganinsa a saƙon. Daga Yulin 2004 zuwa yau kuwa ba ruwan kowa da shekaru, abin da aka zuba a asusunka da ribar da ya yi shi ke nan naka. Da farko kashi 7.5 ne daga albashinka 7.5 daga gwamnati, dokar 2014 ta mayar da shi 8 naka 10 nasu. To kai da kanka ka tuna nawa ne albashin kofur a 2005, ka cire kashi 15 a ciki, za ka gane dalilin da ya sa asusun yake a rame.

Abin da nake so ka riƙe da hannu biyu shi ne fayil ɗinka. Ranar ɗaukar aiki, ranar haihuwa, da siginar ƙarin girma, wato takardar sanarwar ƙarin muƙami, musamman muƙaminka na Yunin 2004. In a rekod an rubuta kana kurtu alhali ka riga ka ɗaura igiyar kofur, to da kurtu za a yi maka lissafi, kuma gyara bayan ka tuɓe kaki wahala ce ba ƙarama ba, na ga abokan kwas ɗina sun yi ta safa da marwa zuwa Abuja da kuɗin motar da ba su da shi. Ka je tun yanzu wajen jami'in fansho na kwamand ɗinku ka ce a nuna maka abin da ke rubuce.

Hajiya_Admin:
Yallaɓai dan girman Allah kar ka yi gaggawar cike takardar haɗe shekarun nan sai ka zauna ka buga lissafi. Na yi aiki a sashen ma'aikata na wata ma'aikata, na ga yadda abin yake ƙarewa. Doka dai shekara 35 a aiki ko 60 a duniya, duk wadda ta riga zuwa, haka yake a ƙa'idojin aikin gwamnati haka kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce. In aka haɗe maka daga 1989, to 35 ɗinka ta cika tun 2024 ke nan fa, ka zama wanda ya zarce wa'adi, kuma ana iya cewa albashin da ka ci bayan nan ka dawo da shi ko a zare a haƙƙinka. Ɗan abin da shekara uku na malamin firamare za su ƙara maka ba zai rufe wannan ramin ba.

Kuma ma yaya ka bar koyarwar? In ajiye aiki ka yi ka tafi abinka ba canjin wurin aiki aka yi maka a rubuce ba, aikin farko ya yanke, kuma shekara uku ba su kai biyar ɗin da ake ba da garatuti a tsohon tsari ba. Ga shi wancan aikin ƙaramar hukuma ne wannan na tarayya, kowa da asusunsa.

Ɗan_Barikin_Bompai:
Maganar Hajiya gaskiya ce, ku tuna abin da ya faru ƙarshen Janairun 2025. Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ta soke matsayarta ta 2017, wadda ta bar waɗanda suka shiga a ƙananan muƙamai daga baya suka koma kwas ɗin kadet na horar da hafsoshi suna ƙirga shekarunsu daga ranar kadet ɗin. Ta ce a'a, daga ranar da ka fara sa kaki ne, duk wanda ya haura 35 ko 60 ya tafi gida nan take. Manyan hafsoshi abin ya shafa ba ƙanana ba. Wato ranar fara aiki yanzu ido na kanta sosai.

Ni dai abin da ke ci min rai, mahaifina ɗan sanda ne a bariki na tashi, sojoji an fitar da su daga wannan tsarin fansho na 2004 tun 2011 su da jami'an tsaron farin kaya, ɗan sanda da shi ma harsashi bai san shi ba an bar shi a ciki. An buɗe kamfanin fansho na NPF Pensions a 2014 don 'yan sanda su kaɗai amma dokar dai ita ce, lissafin shi ne. Dattawan da suka fita zanga-zanga a ƙofar majalisa da hedikwatar 'yan sanda a Abuja cikin Yulin 2025 ba son rigima ya fito da su ba, yunwa ce.

Baba_Mai_Ritaya:
Haka ne ɗana, amma Sufeto shi saura kaɗan ya fita, da dokar da ke ƙasa za a sallame shi sai in an canza. Sufeto kar ka bari tantancewar PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, ta wuce ka, ana yinta ne kafin ritaya, yanzu ta intanet ake fara rajista sannan ka kai takardu kamfanin fanshonka a duba. Wanda bai yi ba sunansa ba ya shiga kasafin kuɗin akurud na shekararsa. Ka haɗa takardar ɗaukar aiki, ta haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, siginonin ƙarin girma duka, da lambar NIN, kuma ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a ko'ina, harafi ɗaya in ya saɓa sai ya tsayar da kai wata da watanni.

Sufeto_Mai_Jiran_Gida:
Allah ya saka da alheri Baba, Hajiya na gode ƙwarai, maganar haɗe shekaru na ajiye ta. Amma Baba ga wata kuma, siginar da aka ba ni kofur a 2001 ba ta hannuna, ta lalace lokacin da ruwa ya shiga ɗakinmu a bariki. Kwafinta a hedikwatar jihar da nake aiki a lokacin zan nema ko sai na dangana da Abuja?