Wutsiyar kifina betta tana cinyewa: wa ya taɓa fama da haka?

Mai shuɗin betta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan ina kiwon betta, ɗan ƙaramin kifin ado, namiji, mai faffaɗar wutsiyar nan da ake kira rabin wata. Tun makon jiya bakin wutsiyar ke cinyewa, gefen ya yi baƙi kamar takardar da wuta ta lasa. Yana cin abinci, amma ya rage yawo, yawanci yana kwance a ƙasa. A kwalbar gilashi mai cin lita 4 yake, nakan zubar da ruwan duka in sa sabo duk kwana goma. Don Allah wanda ya taɓa ganin haka ya faɗa mini yadda ya yi, abin ya tsaya mini a rai.

Mai tanki uku:
Wa'alaikumus salam, sannu 'yar'uwa. Ruɓewar fiffike ce kika kwatanta. Ni ma da kwalba na fara, a ciki na rasa kifina na farko, kuma har yau ina jin ciwon abin.

Kashin kifin da ragowar abinci suna sakin amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi. A lita 4 ba ta daɗewa take taruwa, ta raunana shi, sai ƙwayoyin cutar da dama suna cikin ruwa su samu ƙofa a bakin fiffike. Ana yawan cewa ai betta a ɗan kududdufi yake rayuwa a Tailan. Ruwan gonakin shinkafa da fadamun can ba zurfi, gaskiya ne, amma yana da faɗi da ɗumi da ciyayi. Abin da ke ruɗar mutane shi ne kifin yana da wata gaɓa da yake shaƙar iska da ita daga saman ruwa, don haka yakan jure ƙazamin ruwa ya daɗe bai mutu ba, alhali yana shan wahala.

Da na biyu ya fara irin wannan, na mai da shi tanki mai lita 20, na sa hita a digiri 26, da matata ta soso. Duk kwana biyu ina ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ina zuƙe dattin da ke cikin tsakuwa da tiyo, sabon ruwan kuma sai na ɗiga masa maganin kashe kulorin, na tabbatar ɗuminsa ya yi daidai da na tankin. Ko magani ɗaya ban sa ba. Kafin mako biyu cinyewar ta tsaya.

Baban 'yan biyu:
Hajiya, ki duba kayan adon da ke ciki ma. Nawa ganyen roba ne ya tsarge masa wutsiya. Yagewa a miƙe take, bakinta fes, launi bai sauya ba. Ki sami yadi shara-shara ki goga a jikin kowane abu. Duk inda ya saƙale, fiffike ma zai saƙale. Na cire ganyen, tsagar ta haɗe da kanta.

Ɗaliba mai jan betta:
Ni kuwa nawa da bakinsa yake cizon wutsiyarsa. Na kwanta na bar shi lafiya lau, na tashi na tarar da manyan giɓi zagayayyu, kamar an gutsura. Ruɓewa a hankali take ci, ba ta kwashe rabin wutsiya a dare ɗaya, amma lokacin ban san haka ba. Sati guda ina zuba masa magani a banza, ya ƙara galabaita. Sai wata rana na zauna shiru ina kallonsa, na ga yana juyi yana kai wa wutsiyar cafka.

Abu biyu na gano. In fitilar tankin na kunne ɗakin kuma da duhu, yana ganin kansa a gilashi, ya wuni yana buɗe fiffike yana shirin faɗa da wani namijin da babu shi. Sannan matatar tana tura ruwa da ƙarfi, shi kuma wutsiyar ta yi masa nauyi. Na rage haske, na rage ƙarfin ruwan, na sa tsiro mai faɗin ganye kusa da sama inda yake hutawa. Ya ragu ƙwarai, ko da yake har yanzu yakan ciza jefi-jefi. Amma Anti, naki da gefensa ya yi baƙi ya fi kama da abin da Yaya mai tanki uku ya faɗa.

Dattijo mai kiwon kifi:
'Yata, shawarar da aka ba ki mai kyau ce, sai dai in ƙara. Sabon tanki yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin da ke cinye amoniya su kafu a cikin soso, saboda haka a wannan tsakanin kada ki yi wasa da sauya ruwa. Ki nemi kayan gwajin ruwa: amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret ƙasa da 20 a ma'aunin gwajin (waɗannan biyun su ne abin da ƙwayoyin ke mai da amoniya). Kada ki wanke soson da ruwan famfo, kulorin na kashe ƙwayoyin. Ki matse shi a cikin ruwan da kika ɗebe daga tankin. Wannan kuskuren ya taɓa jawo mini asarar kifi biyu a mako ɗaya.

Nakan jefa busasshen ganyen almon na Indiya guda, ruwan ya yi ja-ja kamar shayi, kifin ya fi sakewa. Gishirin tankin kifi kuwa, in za ki sa, ƙaramin cokali ɗaya a lita 4, a narkar da shi tukuna, kada ya wuce kwana goma. In kika ga cinyewar ta doshi jiki, ko tushen fiffiken ya yi ja, ko wani abu fari kamar auduga ya fito, to ruwa kaɗai ba zai isa ba, ki nemi likitan dabbobi ya ba da maganin ƙwayoyin cuta.

Mai tanki uku:
Baba, a gafarce ni, ni dai ina ɗari-ɗari da gishirin. Betta kifin ruwan daɗi ne, kuma in da tsirrai a tankin gishiri na lalata su. Tunda yana cin abinci, gara ta fara da tsaftar ruwa da ɗumi ta gani.

Mai shuɗin betta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau kwana 12 da na mai da shi tanki mai lita 20 da hita. Ban sa gishiri ba. Baƙin ya tafi, yana yawo, jiya ma na ga ya tara kumfa a saman ruwa. Sai dai wani siririn abu garai-garai kamar leda ya fito a bakin wutsiyar, shi ne hankalina ya sake tashi.

Dattijo mai kiwon kifi:
Kwantar da hankalinki 'yata, sabon fiffike ne ke tsirowa. Haka yake fitowa ba launi, shuɗin zai biyo baya a hankali, wataƙila da ɗan lanƙwasa. Yana da saurin yagewa yanzu, kada ki kama shi da raga.