Me ya sa data ke ƙarewa bayan fayil ya gama sauka ta BitTorrent?

Tambaya daga Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ina sauke manyan fayiloli a shagona da manhajar BitTorrent, amma ko bayan fayil ya kammala sauka, data tana ci gaba da zurarewa. Wani abokin sana'a ya ce satar data ake yi mini, wani kuma ya ce mutane ne ke shiga kwamfutar suna kwasar abin da ke ciki. Don Allah masana su warware mini.

Amsa daga Argungu:
Wa alaikumus salam, Malam. Babu mai yi maka sata. Da yawa suna zaton akwai wata babbar kwamfuta da ke ajiye da fayil ɗin, alhali a wannan tsari da Bram Cohen ya fitar a 2001, ana rarraba fayil ne gutsure-gutsure, kwamfutarka tana karɓar kowane gutsure daga hannun mutane irinka, a lokaci guda kuma tana miƙa wa wasu abin da ta riga ta samu. Idan saukewa ta ƙare ba ka tsayar ba, za ta ci gaba da bayarwa, kuma kamfanin layi yana lissafa abin da ya fita kamar yadda yake lissafa abin da ya shigo. Fayil ɗin da ka sa a manhajar ne kawai ke fita, ba sauran kayanka ba.

Amsa daga Jega:
Haka ne, sai dai kada hankali ya kwanta gaba ɗaya. Duk wanda kuke musayar fayil ɗaya da shi yana iya ganin adireshin IP ɗinka, wato lambar da ake gane layinka da ita a intanet. Sannan binciken da manhajar ke yi wa kowane gutsure yana tabbatar da cewa ya iso yadda aka ɗora shi ne kawai. Idan mai ɗorawa ya cusa muguwar manhaja tun farko, da ita zai iso.

Amsa daga Zuru:
Abin da ke damuna shi ne masu cewa tsarin kansa haramtacce ne. Masu Ubuntu ma, wato wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, suna raba manhajarsu kyauta ta wannan hanya. Laifin yana ga raba aikin wani ba da izininsa ba, kuma Malam ya sani cewa wanda ya sauke fim ta nan ya shiga cikin masu rabawa, ko bai yi niyya ba.