Wane suna za mu sa wa "bare die"?

Mai haɗa inbata, Birnin Kebbi: Jama'a, ku taya ni neman suna. Duk mai gyaran inbatar sola ya san MOSFET da IGBT, baƙaƙen nan masu ƙafa uku da ke ƙonewa in lodi ya yi yawa. To, baƙin nan riga ce kawai. In ka fasa, za ka tarar da ɗan yankin silikon, ko na danginsa silikon kabayid, 'yan milimitoci kaɗan, shi ke kunna wuta da kashe ta. Infineon na Jamus, Wolfspeed na Amurka da ROHM na Japan duk suna sayar da shi haka ba riga, ga mai son haɗa nasa. Shi ne ake kira "bare die" da Turanci, wato yanki tsirara. Ina rubuta wa masu zuba mana jari bayani da Hausa, sunan ya gagare ni.

Wani ƙane daga Jega: Yaya, ƙwaya mana. Ƙwayar lantarki.

Mai haɗa inbata: Ƙanena, je ka tsaya gaban jami'an kwastan ka ce ka yi odar ƙwaya daga waje, mu ga inda za ka kwana.

Malamin lantarki, Argungu: Ku da ke zaune a ƙasar shinkafa, me ya kai ku nesa? In aka sheme ta aka cire ɓuntu, me ya rage? Tsaba. Kalmar ta riga ta ɗauki ma'anar abu zallansa ba rufi, ba sai an ƙara mata "tsirara" ba. Shi kuma zagayayyen farantin da ake yanko ta daga jikinsa, a ce masa faifai. Na silikon kan kai milimita 200 ko 300, na silikon kabayid galibi 150, yanzu ana komawa 200.

Mai haɗa inbata: Allah ya ƙara sani, Malam. Tsaba ta zauna, har ta fi dacewa da cinikin, don ba a sayar da ita ɗai-ɗai yadda muke sayen mai riga a shago. Sau da yawa sai ka ɗauki faifai sukutum, an yayyanka shi a kan leda mai danƙo, ko a jero maka a tire mai ramuka. Ƙaramin kamfani da wuya masana'anta ta saurare shi kai tsaye, sai ta hannun dillalai irin su Micross, kuma wani lokacin sai ka sa hannu kan yarjejeniyar riƙe sirri kafin a ba ka cikakkun bayanai.

Kuma isowarta ba ita ce ƙarshen wahala ba. Sai an liƙa ta kan faranti na tangaran mai rufin tagulla, a ɗinke ta da siririyar wayar alminiyam, a ɗaki marar ƙura. Ajiyarta ma a akwatin naitirojin ake yi. Ku tuna ƙurar hunturunmu.

Malamin lantarki: Saura guda. Ba kowace tsaba aka gama gwadawa ba, wadda aka yi wa cikakken gwaji kuɗinta daban. In guda ɗaya ta lalace cikin shida da ka liƙa, duk haɗin ya tashi aiki. Ita wannan a kira ta tantacciyar tsaba, kuma ka rubuta wa masu jarin naka cewa ita za ka saya.

Ƙanen Jega: Na janye ƙwaya. Amma mai rigar fa, samfarera ke nan?

Mai haɗa inbata: A'a, bar ta a mai riga. Haka yaran shago suka saba faɗa.